Yadda Jami'o'i Ke Auna Makin JAMB Wajen Ɗaukar Sababbin Ɗalibai

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidaje da majalisu da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi: yaron wane ya ci maki 240 bai samu gurbi ba, ga kuma ɗan maƙwabcinsa mai maki 200 har ya kama karatu, shin ina aka sami matsala? Wasu iyaye kan ɗauka cewa an yi musu fashin gurbi ne, wasu kuma su sayar da amfanin gona ko dabba su miƙa wa wani da ya yi alƙawarin zai shigar da sunan yaro.

Mun shirya wannan bayani ne domin iyaye da ɗalibai da malaman makarantu, da kuma jami'an ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai waɗanda jama'a ke tunkara da irin wannan tambaya. Abin da muke so a fahimta shi ne, makin JAMB shi kaɗai ba ya bayar da gurbi. Yana ba ɗalibi izinin shiga gasa ne, sa'annan jami'a ta haɗa shi da wasu ma'aunai kafin ta yanke hukunci.

Taƙaitaccen tarihi

Kafin shekarar 1978, kowace jami'a a Nijeriya ita ke shirya jarrabawarta, ta ɗauki ɗalibanta. Wannan ya sa ɗalibi ɗaya kan samu gurbi a jami'o'i biyu ko uku a lokaci guda, guraben da ya bari su tafi a banza, wani kuma ya rasa ko ɗaya. Domin magance haka ne gwamnatin mulkin soja ta wancan lokaci ta kafa Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, wato JAMB, a 1978. A 1989 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi.

Shekaru da yawa jarrabawar shiga jami'a daban take da ta shiga kwalejoji. A 2010 aka haɗe su suka zama jarrabawa ɗaya mai suna UTME, wadda jama'a ke ci gaba da kira jarrabawar JAMB. An fara gwada rubuta ta da kwamfuta a 2013, zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, kuma daga 2015 aka daina amfani da takarda da fensir baki ɗaya.

Jarrabawar tantancewa da jami'o'i ke yi da kansu, wadda aka sani da Post-UTME, ta samo asali ne a 2005, lokacin da jami'o'i suka koka cewa ɗalibai na zuwa musu da maki mai yawa amma ba sa iya karatun. Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ya soke ta a 2016, sa'annan aka maido da ita a 2017 bisa sharaɗin kada kuɗinta ya wuce Naira 2,000. A wannan shekara ta 2017 ce kuma hukumar JAMB, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta ɓullo da tsarin bayar da gurbi ta intanet mai suna CAPS, wanda za mu yi bayaninsa a gaba.

Yadda jarrabawar take

Ɗalibi na rubuta darussa huɗu. Turanci wajibi ne ga kowa, sauran ukun kuwa sun danganta da fannin da yake son karantawa. Tambayoyin 180 ne, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga sauran darussa ukun, kuma ana amsa su cikin awa biyu. Kowane darasi na da maki 100, jimla 400. Sakamakon na aiki ne a shekarar da aka rubuta jarrabawar kawai.

Zaɓen darussa shi ne wuri na farko da ɗalibanmu ke tuntuɓe. Mai son karatun likita sai ya haɗa Turanci da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Mai son aikin injiniya yakan haɗa Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri. Ana kuma rubuta Hausa da Larabci da darasin Addinin Musulunci a wannan jarrabawa, ga masu son fannonin da suka dace da su. Idan ɗalibi ya rubuta darussan da ba su dace da fanninsa ba, ko da ya ci maki 300 ba za a duba shi a wannan fanni ba. JAMB na wallafa littafin jagora wanda ya nuna darussan da kowace jami'a ke buƙata a kowane fanni, kuma ya kamata a karanta shi kafin a cike fom.

Mafi ƙarancin maki iri uku ne

Yawancin ruɗanin da ake samu ya taso ne daga rashin bambance matakai uku na mafi ƙarancin maki.

Na farko shi ne na ƙasa baki ɗaya. Kowace shekara ana yin taron tsara manufofin ɗaukar ɗalibai, inda Ministan Ilimi da hukumar JAMB da shugabannin manyan makarantu ke amincewa da makin da ba a yarda wata makaranta ta sauka ƙasa da shi ba. Ga jami'o'i, wannan maki ya kasance 180 a 2016, ya sauka zuwa 120 a 2017, ya koma 160 a 2019, ya tsaya a 140 daga 2022 zuwa 2024, sa'annan ya zama 150 a 2025. A wannan shekara ta 2025, an sanya 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Wannan ne makin da ake ji a rediyo, kuma shi ne mafi ƙarancin tasiri a kan makomar ɗalibi.

Na biyu shi ne na jami'a. Kowace jami'a na da ikon sanya nata mafi ƙarancin maki sama da na ƙasa, amma ba ta da ikon sauka ƙasa da shi. Jami'ar Ibadan da Jami'ar Legas, alal misali, sun daɗe suna tsayawa a kan 200. Wanda ya kai wannan maki ya cancanci a tantance shi ne kawai.

Na uku shi ne na fanni, kuma shi ne ke raba gardama. Wannan maki gasa ce ke fitar da shi. Idan sashen koyon aikin likita na da gurabe 150, masu nema kuma dubbai ne, za a jera su daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, inda guraben suka ƙare nan ne iyakar makin shiga ta wannan shekara. Saboda haka ne makin da ya shigar da ɗalibi sashen noma ko na koyarwa ba zai shigar da shi sashen likita ko lauya ko harhaɗa magunguna ba, ko da a jami'a ɗaya ne.

Yawan guraben ma ba jami'a kaɗai ke yanke shi ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, na ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka bisa yawan malamanta da kayan aikinta. Majalisar kula da aikin likita da ta kula da karatun lauya su ma suna ƙayyade nasu adadin. Har ila yau, akwai manufar gwamnati ta ba fannonin kimiyya kashi 60 cikin 100 na gurabe a jami'o'in gama-gari, fannonin adabi da zamantakewa kuma kashi 40.

Domin a gane matsayin maki a cikin gasar, yana da kyau a san cewa a jarrabawar 2025, daga cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 sun samu ƙasa da maki 200 a sakamakon da aka fara fitarwa. Daga baya JAMB ta amince an samu tangarɗar na'ura a cibiyoyin Legas da jihohin Kudu maso Gabas, ta sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa. Wannan na nuna cewa maki 200 ba abin rainawa ba ne, sai dai masu maki mai yawa kan taru ne a fannoni ƙalilan, shi ya sa gasar can ke da zafi.

Sakamakon kammala sakandare

Komai yawan makin JAMB, ba a ɗaukar ɗalibi sai yana da kiredit biyar a darussan da suka dace da fanninsa, a zama ɗaya ko biyu. Ana karɓar sakamakon WAEC da NECO da NABTEB, da na hukumar NBAIS mai kula da makarantun Larabci da addinin Musulunci. Matakan A1 da B2 da B3 da C4 da C5 da C6 su ne kiredit. D7 da E8 ba kiredit ba ne, F9 kuwa faɗuwa ce. Jami'o'i da dama ba sa karɓar zama biyu a fannin likita.

An daɗe ana wajabta kiredit a Turanci da Lissafi ga kusan kowane fanni. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa Turanci na nan wajibi ga kowa, Lissafi kuma wajibi ne ga fannonin kimiyya da fasaha da zamantakewa, amma ba sharaɗi ba ne ga fannonin adabi. Duk da haka muna ba da shawarar ɗalibi ya duba sharuɗɗan jami'ar da ya zaɓa, kuma kada ya yi sakaci da Lissafi, domin kiredit a cikinsa na buɗe ƙofofi da yawa.

Yadda ake haɗa jimlar maki

Babu lissafi ɗaya da ya game dukan jami'o'i. Majalisar kowace jami'a ce ke tsara nata, ta sanar da JAMB, kuma tana iya sauya shi daga shekara zuwa shekara. Wasu jami'o'i na yin jarrabawar Post-UTME, wasu kuma tantance takardu kawai suke yi, su ba sakamakon sakandare maki. Za mu kawo misalai biyu da suka shahara.

Jami'ar Ibadan ta saba raba ma'aunin gida biyu daidai: ana raba makin JAMB da 8, a raba na Post-UTME da 2, sa'annan a haɗa, jimla ta zama bisa 100. Jami'ar Legas kuwa ta saba ba makin JAMB kashi 50, Post-UTME kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20, inda A1 ke da maki 4, ana sauka a hankali har C6 mai maki 2.

Mu ɗauki ɗalibai biyu bisa tsari na biyu. Na farko ya ci 280 a JAMB, wanda idan aka raba da 8 ya zama 35. A Post-UTME ya samu 15 cikin 30, darussansa biyar kuma duk C6 ne, wato maki 10. Jimlarsa 60. Ta biyu ta ci 240 a JAMB, wato 30. A Post-UTME ta samu 24, sakamakonta kuma A1 da B2 da B3 biyu da C4, wanda ya ba ta 16.8. Jimlarta 70.8. Ya fi ta da maki 40 a JAMB, amma a jerin jami'a tana gabansa da tazara mai yawa.

Darasin da ke nan a fili yake. A irin wannan tsari, maki 8 na JAMB daidai yake da maki ɗaya tak a jimla. Ɗalibin da ya ajiye littafi bayan fitowar sakamakon JAMB na iya zubar da duk fifikon da ya samu cikin awa ɗaya a ɗakin Post-UTME. Haka nan ƙoƙarin da aka yi a aji shida na sakandare yana bin ɗalibi har ƙofar jami'a.

Rabon gurabe a jami'o'in tarayya

Bayan an fitar da jimlar maki, ba a jera ɗalibai a layi ɗaya. A jami'o'in gwamnatin tarayya ana raba guraben kowane fanni kashi uku.

Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla. Ana ba masu maki mafi yawa, ko daga wace jiha suka fito.

Kashi 35 na jihohin yankin jami'a ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, kowace na da jihohin da aka lissafa a matsayin yankinta, kuma 'yan waɗannan jihohi ne ke gasa a tsakaninsu a wannan kaso.

Kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko ne. Jerin ya ƙunshi jihohin Arewa, irin su Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa da Bauchi da Gombe da Yobe da Borno, tare da wasu jihohin Kudu kamar Bayelsa da Ebonyi.

Saboda haka fanni ɗaya a jami'a ɗaya na iya samun iyakar maki uku mabambanta, kuma galibi ta cancanta ce mafi tsawo. Wannan ne ya sa ɗalibai biyu masu jimla ɗaya, wani ya shiga wani ya rasa. Sai dai a lura, kasancewa ɗan jihar da ke cikin kaso na uku ba ya ɗauke wa ɗalibi sharaɗin kiredit biyar ko mafi ƙarancin makin jami'a. Gasa ce ita ma, tsakanin 'yan jihohi sama da 20.

Jami'o'in jihohi kuwa suna fifita 'yan asalin jiharsu, kuma da yawansu na la'akari da ƙananan hukumomi wajen rabo, domin kada gurabe su taru a birni kaɗai. A nan takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ke da muhimmanci. Jihar da ƙaramar hukumar da ɗalibi ya rubuta lokacin rajista su ne na'ura za ta yi aiki da su.

Tsarin CAPS

Jami'a ce ke zaɓen ɗalibi, JAMB kuma ta duba ko an bi ƙa'ida kafin ta amince. Duk wannan na gudana ne a tsarin CAPS. Ɗalibi na shiga shafinsa da adireshin imel da lambar sirrinsa, ya ga ko an ba shi gurbi, sa'annan ya karɓa ko ya ƙi cikin wa'adin da aka ba shi. Bayan ya karɓa ne zai iya buga takardar shaidar samun gurbi ta JAMB.

Abubuwa biyu ke yawan hana ɗalibanmu na karkara gurbin da suka cancanta. Na farko, wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon sakandare wajibi ne ya koma cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora masa sakamakon bayan ya fito, in ba haka ba jami'a ba za ta iya gabatar da sunansa ba. Na biyu, wasu kan bar lambar waya da lambar sirrinsu a hannun mai shagon kwamfuta su koma gida, gurbi ya zo ya wuce ba su da labari.

Duk gurbin da aka bayar ba ta CAPS ba, hukuma ba ta san da shi ba. Ɗalibi na iya shafe shekara huɗu yana karatu, ranar tafiya hidimar ƙasa ta NYSC a tarar sunansa ba ya cikin rajistar JAMB. Don haka duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai ƙara wa yaro maki, ko zai shigar da shi ta bayan fage, a guje shi.

Shekaru da lambar ɗan ƙasa

Daga 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma sunan da ranar haihuwar da ke jikinta su ne za su fito a takardun ɗalibi. Idan sun saɓa da na takardar WAEC ko NECO, a gyara tun da wuri. Game da shekaru, bayan muhawarar da aka yi a 2024 kan mayar da su 18, gwamnati ta tsaya a kan 16, kuma taron manufofi na 2025 ya tabbatar da haka.

Idan maki bai kai ba

Ɗalibin da makinsa bai kai na fannin da ya zaɓa ba yana da mafita. JAMB na ba da damar sauya fanni ko makaranta, kuma yin hakan da wuri ya fi zaman jiran abin da ba zai zo ba. A sani cewa jami'o'in da ake rububinsu kan duba waɗanda suka sanya su a zaɓi na farko ne kawai.

Akwai kuma hanyar shiga kai tsaye, inda mai takardar difloma ta ƙasa ko NCE ko IJMB ko JUPEB ke neman gurbi a aji biyu na jami'a ba tare da rubuta UTME ba, ko da yake shi ma sai ya yi rajista da JAMB. Jami'ar Ahmadu Bello ce ke kula da jarrabawar IJMB. Malamai da injiniyoyi da ma'aikatan gwamnati da dama a wannan yanki ta kwalejoji suka bi har suka kai ga digiri.

Kira ga iyaye da jami'ai

Ga iyaye, muna kira da a zauna da yaro da malaminsa kafin sayen fom, a duba darussan da ya fi ƙarfi a kai, a zaɓi fanni da jami'ar da suka dace da su. Layin wayar da aka yi rajista da shi a adana shi, kada a bari ya ɓata ko a rufe shi.

Ga shugabannin makarantun sakandare, a tabbatar ɗaliban ajin ƙarshe sun saba da kwamfuta kafin ranar jarrabawa. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba na iya rasa maki saboda ruɗewa, ba don rashin sani ba. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga jami'an ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya, a sauƙaƙa bayar da takardar shaidar asali ga 'yan asalin gaskiya, a kuma kiyaye ba wanda ba ɗan asali ba, domin duk takardar da ta faɗa hannun da bai dace ba gurbin wani yaronmu ne ya salwanta. Sassan ilimi kuma su riƙa tattara sunayen ɗaliban da suka rubuta jarrabawa, su tunatar da su lokacin ɗora sakamako da duba CAPS.

Kammalawa

Makin JAMB na da nauyi, a jami'o'i da yawa ya kai rabin ma'auni. Sauran rabin yana ga sakamakon sakandare da jarrabawar tantancewa, sa'annan fannin da aka zaɓa da jihar da aka fito su nuna layin da ɗalibi zai tsaya. Tun da ƙa'idoji na sauyawa kowace shekara, a riƙa sauraron sanarwar JAMB da ta jami'ar da aka zaɓa, kuma mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin JAMB na jiharsa ko sashen ilimi na ƙaramar hukumarsa.